Oksitosin: Daga Ɗakin Haihuwa Zuwa Zuciya

Ina tashar jirgin ƙasa ta Mushairib a Doha, inda layuka uku suke haɗuwa, Hajiyarmu ta kira ni daga Zariya. "Yayarki ta sauka lafiya," in ji ta, "an yi mata allurar tsayar da jini." Na yi hamdala. Allurar nan ita ce oksitosin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke samarwa domin matse mahaifa da saukar da nono. Wasu na kiransa sinadarin ƙauna, saboda rawar da yake takawa wajen shaƙuwar uwa da jariri.

Henry Dale ne ya gano tasirinsa kan mahaifa a 1906. Vincent du Vigneaud ya haɗa shi a ɗakin gwaji a 1953, ya kuma samu lambar Nobel a 1955. Daga baya masana a Montreal ta Kanada suka gano cewa zuciyar ɓera ma tana samar da oksitosin, kuma yana sa ta fitar da wani sinadari da ke taimaka wa ƙoda ta rage gishiri da ruwa, hawan jini ya sauka. A 2022, masu bincike a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka suka nuna yana taimaka wa zuciyar wani ƙaramin kifi ta sake tsiro bayan rauni.

Sai dai kifi da ɓera ba mutum ba ne. Har yanzu ba a amince da oksitosin a matsayin maganin ciwon zuciya ba. Yana ƙarewa a jini cikin 'yan mintuna, kuma idan aka ɗura shi a jijiya da sauri, jini na iya faɗuwa, zuciya ta riƙa bugawa da gaggawa. Shi ya sa ba allurar da za a saya a kemis ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne makonnin jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda zuciyar masu jego ke gazawa, suka danganta hakan da kunun kanwa da yawan gashi. Oksitosin ba ya maganin wannan.

Kafin jirgina ya iso na sake kiran gida. "Hajiya, don Allah a rage kanwa. In Yaya ta fara haki ko ƙafarta ta kumbura, a kai ta asibiti ranar."

Ta ce, "To, likita," tana dariya. Amma ta yi alkawari.