PC Card

PC Card, wanda aka fi sani da PCMCIA, ƙaramin kati ne da ake zura shi cikin na'ura domin ƙara mata aiki, kamar ma'adanar bayanai, modem ko hanyar sadarwa. Ƙungiyar PCMCIA, wadda aka kafa a 1989, ita ce ta fitar da ƙa'idojinsa a 1990. Tsawon katin milimita 85.6 ne, faɗinsa 54, kuma yana da ramukan fil 68. A 1995 aka fito da CardBus mai bit 32.

Haɗa shi da ƙananan na'urori

Ko da yake an fi saninsa a kwamfutar tafi-da-gidanka, an yi amfani da shi sosai a na'urorin da aka gina ƙaramar kwamfuta a cikinsu don aiki guda. Wasu masarrafai, irin su StrongARM SA-1100 da MPC860, suna zuwa da sashen kula da katin a jikinsu. Inda babu shi, dole mai ƙera allon ya ƙara nasa.

Fil ɗin soket ba tsawonsu ɗaya ba. Na wuta sun fi tsawo, su ne ke fara taɓa katin, biyun da ke gano shigarsa kuma su ne mafi gajarta. Saboda haka ba a sanar da na'ura cewa kati ya shiga sai ya zauna daram. Wasu fil biyu suna nuna ko katin na bolt 5 ne ko 3.3, domin wutar da ta yi yawa tana iya ƙona shi.

Rubuta direba

Direba manhaja ce da ke shiga tsakanin katin da tsarin gudanarwar na'ura. Kowane kati yana ɗauke da bayanin kansa da ake kira CIS: wanda ya ƙera shi, aikinsa da wutar da yake buƙata. Manhajar soket ce ke kunna wuta ta karanta wannan bayani, sannan a zaɓi direban da ya dace. A Linux, David Hinds ne ya rubuta kunshin pcmcia-cs da aka daɗe ana dogara da shi.

Wurin da ya fi wuya shi ne cirewa. Mutum yana iya zare katin ana tsakiyar rubuta bayani, ba tare da gargaɗi ba. Direban da ya ci gaba da jiran amsar katin da ba ya nan zai iya daskarar da na'urar baki ɗaya, shi ya sa ake sa wa kowane jira iyakar lokaci, a kuma duba ko katin yana nan kafin a sake taɓa shi.