Camfi a Cikin Gida: Wanda Ya Kare Mu da Wanda Ya Cuce Mu

Duk wanda ya tashi a gidajen Sakkwato ya ji kakarsa tana hana shara da dare don kada a share arziki, ko tana tsawata wa yaro kan yanke farce bayan magariba, ko tana yi wa mai ƙaiƙayin tafin hannu albishir da kuɗi. Kuma idan mai hankali ya yi nazari zai tarar cewa mafi yawan waɗannan camfe-camfe hikima ce ta zamanin fitilar aci-balbal, lokacin da tsintsiya kan tafi da allura ko ɗan kunne cikin duhu, aska kuma ta haɗa farce da nama. Tsofaffi sun san yaro ba ya jin dalili kamar yadda yake jin tsoro, sai suka lulluɓe dalilin da tsoro.

Amma akwai camfin da ba ya kare kowa, wanda malamai ke kira ɗiyara, wato jingina sharri ga tsuntsu ko rana ko mutum. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya kuma so fa'ali, wato kyautata zato da kalma mai daɗi. Daga wannan babi ne tsoron kukan mujiya ya fito, da ƙin tafiya ranar Larabgana a ƙarshen watan Safar. Mafi muni kuwa, a ganina, shi ne kiran mace mai farar ƙafa, domin amarya takan shigo gida da amana, sai kasuwar miji ta karye saboda bashi ko fari ko rashin lissafinsa, a wayi gari dangi sun ɗora mata laifin abin da ba ta da hannu a ciki, har ta kai ga saki, alhali arziki da rashinsa ƙaddara ce daga Allah Maɗaukaki.

Ba yau aka fara wannan gyara a ƙasar nan ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a Sakkwato a 1817, ya wallafa Ihya'us Sunna a 1793 domin rarrabe sunna da bidi'a, kuma a cikin Nurul Albab ya zargi mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta ɗauki aikin, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, ta riƙa aika malamai mata da ake kira jaji zuwa ƙauyuka suna karantar da mata a ɗakunansu, domin ta fahimci cewa a ɗaki ake renon camfi, a ɗakin ne kuma za a warkar da shi.

Saboda haka ina roƙon iyaye su riƙa faɗa wa yara dalilin hani a fili, malaman zaure kuma su yi wa'azi a kan zaluncin da ake yi wa matan da aka laƙaba wa farar ƙafa.