Ɗalibai a Bakin Aikin Leburori a Ƙasar Sin

A birnin Zhengzhou na ƙasar Sin akwai wata ƙasaitacciyar masana'anta ta kamfanin Foxconn, inda ake harhaɗa wayoyin Apple. A shekarar 2017, da aiki ya tsananta, sai aka kwaso ɗalibai kimanin 3,000 daga wata makarantar koyon aikin jirgin ƙasa. Aka ce musu ba mai samun takardar shaidar gama karatu sai ya yi wata uku a can. To, me ya haɗa jirgin ƙasa da waya? Waɗansunsu sa'a 11 suka riƙa yi a yini, alhali kuwa doka ta hana ƙara wa ɗalibi lokacin aiki. Da zance ya fasu, kamfanonin biyu suka amsa an ƙetare haddi, amma wai yaran bisa son ransu suka zo.