Yadda Ake Sassaƙa Gilashi da Leza Don Watsa Haske

(KIƊAN BUƊE SHIRI)



Duk wanda farin murfin ƙwan lantarki na zamani ya taɓa ɓalle masa, ya ga abin da ke ciki: 'yan ɗigo-ɗigon fitilu masu kashe ido, ko daƙiƙa biyu ba ka iya zuba musu ido. Murfin nan shi ke karɓar hasken ya baza shi ko'ina cikin ɗaki. Injiniyoyi suna da hanya biyu ta yin wannan aiki, kuma a kan ta biyun za mu fi tsayawa yau.

Ta farko ita ce a cakuɗa ƙananan ƙwayoyi cikin robar murfin kanta. Haske na shiga sai ya yi ta karo da su yana sauya hanya, kamar yadda hazo ke yi wa rana lokacin hunturu, har ka dube ta ba ka runtse ido ba. Ba ta da tsada, amma akwai asara, don wani kaso na hasken baya yake komawa.

Ta biyu kuwa, gilashin garau yake, fuskarsa kawai ake sa wa kaushi. A 1870 wani Ba'amurke, Benjamin Tilghman, ya yi rajistar dabarar fesa yashi da ƙarfi a kan gilashi. Wasu kuma da ruwan asid suke cinye fuskar. Sai dai yashi ba ya jin umarni. Inda ya faɗa nan ya faɗa. Hasken da ya ratsa irin wannan gilashi yakan taru a tsakiya ya dusashe a gefe, ko kana so ko ba ka so.

(KIƊA)

A nan leza ta shigo. Theodore Maiman ne ya kunna ta farko a 1960, a Kalifoniya. A 1964 Kumar Patel ya ƙera wata mai aiki da iskar kabon dayoksaid, wadda gilashi ke shanye haskenta, saboda haka tana iya narka fuskarsa. Matsalarta zafi. Yakan bazu zuwa gefen ramin da ta haƙa, gilashin ya tsage.

Maganin ya fito daga Jami'ar Rochester a 1985, inda Donna Strickland da Gérard Mourou suka gano yadda za a ƙara wa gajeren bugun leza ƙarfi ba tare da na'urar ta ƙone ba. Aikin da ya ba su kyautar Nobel ke nan a 2018. Ku saurari gajartar bugun nan da kyau. Haske yana iya zagaya duniya sau bakwai cikin daƙiƙa ɗaya, amma a ma'aunin lokacin da ake auna bugun da shi, wato femtosakan, ko kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin gashin kai ba ya ƙetarewa. Kafin zafi ya samu damar bazuwa, bugun ya gama aikinsa: ya ɗauke ɗan gutsure ya bar rami mai tsabtar baki.

Kowane rami ɗan ƙaramin tabarau ne. Faɗinsa da zurfinsa su ke yanke kusurwar da haske zai bi idan ya fita. Tun da kwamfuta ce ke jan lezar, injiniya na iya cewa yana son hasken ya fito da'ira, ko murabba'i, ko dogon layi, kuma ƙarfinsa ɗaya daga tsakiya har baki.

Ga inda abin ya fi burge ni. Za ka ɗauka jera ramukan sahu-sahu shi ne gwaninta. Ina! Idan tazararsu ta zama ɗaya, hasken sai ya rabu ɗigo-ɗigo, farin ma ya fashe launi-launi, abin da ake gani a bayan faifan CD. Don haka da gangan ake hargitsa jerin, a bambanta girma da tazara, amma kowane bambanci an lissafa shi tun kafin a kunna na'ura.

(KIƊA)

A ina ake amfani da irin waɗannan masu watsa hasken? A talabijin marasa kauri da yawa, fitilun a gefe suke. Bayan allon akwai farantin roba mai ɗauke da dubban ɗigo, tsilla-tsilla kusa da fitilun, suna ƙara yawa idan an yi nisa, don kada gefe ya fi tsakiya haske. Wasu wayoyi da motoci kuma suna auna nisa da hasken da ido ba ya gani. Ɗan gilashi ne ke shimfiɗa shi daidai filin da kyamara ke kallo, kada a zubar a banza.

Sassaƙa rami ɗai-ɗai aiki ne mai cin lokaci, na'urar kuma da tsada. Shi ya sa masana'antu ba sa sassaƙa kowane gilashi. Leza takan zana na asali guda ɗaya, a kwafe shi a jikin ƙarfen nikel, sannan a riƙa danna ƙarfen a kan roba mai laushi ana fitar da dubbai. Da haka farashin ke sauka har ya shiga wayar da ake saya a kasuwar Farm Centre ta Kano.

A nan za mu dakata. A huta lafiya.