Yadda Talauci Ke Raba Marasa Lafiya Gida Biyu a Ƙasar Kazaure

A Achilafiya da ke Ƙaramar Hukumar 'Yankwashi a Jihar Jigawa, da ƙauyukan Roni da Gwiwa, watan Agusta ne ya fi jijjiga magidanta. Rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, hatsi ya yi tsada, ga kududdufai cike da sauro. Zazzaɓi kan tarar da yaran da tamowa ta riga ta ci ƙarfinsu.

Ɗan ma'aikaci da ɗan manomi duk sukan kwanta, amma daga nan hanya ke rabuwa. Mai albashi a garin Kazaure zai kai nasa asibiti a ranar. Manomi kuwa sai ya lissafa kuɗin acaɓa da na kati da na magani, domin a Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun jama'a yake fitowa. Don haka ake farawa da jiƙo ko kemis, a jira ranar kasuwa a sayar da akuya. Kafin a isa asibiti yaro ya fara jijjiga, ko ana neman ƙarin jini. Mai naƙuda ma haka take kwana a gida ana neman mota.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 na gidaje mafiya talauci, 173 ne ke rasuwa kafin su cika shekara 5, alhali a gidajen masu hali 53 ne. Binciken ya kuma nuna cewa a Jigawa kashi 64 cikin 100 na ƙananan yara sun tsumbure, a Anambara kuwa 14. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sanya sama da kashi 80 na mutanen Jigawa cikin talauci mai fuskoki da yawa: rashin tsaftataccen ruwa, makaranta, makewayi da abinci.

An ɗauki matakai. Shirin Haihuwa Lafiya ya samar da motocin ɗaukar masu naƙuda daga ƙauyuka, ƙungiyar likitoci ta MSF na kula da masu haihuwa da masu yoyon fitsari a asibitin Jahun tun 2008, kuma da damina ana bi gida-gida da maganin kariya daga zazzaɓi. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu domin marasa galihu, sai dai mafi yawan manoma har yau ba su da katin inshorar.