Cinikin Gindin Katanga

A sayen fili ko gida, sau da yawa ciniki biyu ake ƙullawa. Akwai na kan tabarma, wanda ake rubutawa a gaban mai unguwa da shaidu. Akwai kuma wanda dillali zai ja hannun rigarka zuwa gindin katanga, ya rage murya: "Alhaji, a rubuta miliyan uku a takarda, sauran biyun ka miƙa a hannu. Kuɗin gwamnati zai zo maka da sauƙi."

Sauƙin ba ya nisa. Ranar da magada suka taso, ko aka gano mutum biyu aka sayar wa filin, takarda alƙali zai duba. A babbar kotu, sashe na 128 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a kawo maganar baka don sauya abin da aka rubuta a yarjejeniya, sai a 'yan wurare irin su zamba. Biyar ka biya, uku takarda ta sani. Kafin ka nemi ragowar kuma, sai ka fara faɗa da bakinka cewa ka haɗa kai an ɓoye wa hukuma gaskiyar farashi.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na jingina. Mutum ya shiga matsi, ya karɓi kuɗi ya ba da gonarsa, aka rubuta "sayarwa", aka yi masa alkawari da baki cewa duk ranar da ya dawo da kuɗin zai karɓi abarsa. Mai kuɗin ma mutumin kirki ne, ba shi da niyyar cuta. Sai Allah ya yi masa rasuwa. 'Ya'yansa suka buɗe akwati, suka tarar da takardar saye, shaidar alkawarin kuwa ta bi shi kushewa.

Kunya ce ke jefa mu a nan, wai kada a ce ba ka yarda da ɗan'uwa ba. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Don haka ka nemi ganin mai filin ido da ido, ka ji farashi daga bakinsa. La'adar dillali ta shiga takarda. In mai gida zai ƙara wata shida kafin ya tashi, a rubuta ranar tashinsa. Kuɗi su bi ta banki. In filin mai takardar mallaka ne, sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya wajabta amincewar gwamna kafin ya koma sunanka.