BABI NA UKU: RAGAR MURHU DA DABARUN FITAR DA TOKA A BATURIYA DA KEWAYENTA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan sana'o'in da suka dogara da wuta a ƙasar Haɗeja, kamar bandar kifi da turara shinkafa da ƙira. A wannan babi za a duba wani ɓangare guda na murhu wanda ba a cika kula da shi ba, wato ragar da ake ɗora makamashi a kanta domin toka ta riƙa zubewa ƙasa. Za a kawo ma'anar raga da aikinta, da ire-irenta, da ƙa'idojin ƙera ta, sannan a nuna yadda ta shafi masu sana'a da dajin Baturiya.

Baturiya gari ne a Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma, cikin Masarautar Haɗeja ta Jihar Jigawa, jihar da aka ƙirƙiro a shekarar 1991. Garin yana cikin fadamar kogin Haɗeja, inda ake su da noman shinkafa da kiwo. A shekarar 2008 aka sanya dausayin Baturiya, mai faɗin sama da hekta 100,000, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Daga dazuzzukan wannan yanki ake saro itacen girki da na banda. Saboda haka duk dabarar da za ta rage cin itace a murhu magana ce da ta shafi rayuwar mutanen wurin kai tsaye.

3.1 Ma'anar Raga da Aikinta

A bakin 'yan banda da masu tsire, raga ita ce saƙaƙƙiyar wayar da ake shimfiɗa kifi ko nama a kanta. Amma a wannan babi, abin da ake nufi shi ne ragar ƙasa, wato jerin ƙarafa ko faifan ƙarfe mai huji-huji da ke ɗauke da itace ko gawayi. Don gudun rikicewa za a riƙa kiran ta ragar wuta, ta sama kuwa ragar kifi.

Wuta ba ta ci sai da iska. Abin da wuta take buƙata a cikin iska shi ne iskar oksijin, wadda ba ta wuce kashi 21 cikin 100 na iskar da ake shaƙa ba. Wannan ya sa kilo ɗaya na busasshen itace yake buƙatar kusan kilo 6 na iska kafin ya cinye sarai. Idan aka hura wuta a dandariyar ƙasa, kamar yadda ake yi a murhu mai duwatsu uku, tokar da ke fita takan taru ta lulluɓe garwashi, ta toshe hanyar iska. Daga nan sai wutar ta yi sanyi, hayaƙi ya yawaita, a kuma bar guntayen gawayi da ba su cinye ba. Shi ya sa mai girki take yawan tone toka da fifita.

Ke nan raga tana da aiki guda uku. Na farko, tana ɗaga makamashi daga ƙasa. Na biyu, tana bai wa toka hanyar zubewa. Na uku, ta ƙofofin da toka ta bi ta sauka, ta nan iska take bi ta hau. Wannan na ukun shi ne ginshiƙi, domin fitar toka da shigar iska hanyarsu ɗaya ce. In ta toshe ga ɗaya, ta toshe ga ɗayar.

3.2 Yawan Toka Gwargwadon Makamashi

Ba kowane makamashi ne yake ba da toka daidai da wani ba, kuma wannan shi ne abu na farko da maƙeri zai sani kafin ya yanka ƙarfe. Busasshen itace mai ƙwari, irin su gabaruwa da kanya da marke, tokarsa kaɗan ce. Kilo 100 na itace yakan bar toka kimanin kilo ɗaya zuwa biyu. Kara da ciyawa sun fi itace toka, ga saurin cinyewa. Buntun shinkafa kuwa ya fi su duka, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ne. Wato kilo 100 na buntu zai bar kusan kilo 20 na toka, kuma yawancinta sinadarin da ke cikin yashi ne, wanda wuta ba ta cin sa.

Wannan bambanci yana da muhimmanci a ƙasar Haɗeja, inda ake noman shinkafa da yawa, buntu kuma yake taruwa tsibi-tsibi a bayan injinan casa. Ragar da ta dace da itace ba za ta yi wa buntu ba. Ƙwayarsa ƙanana ce, za ta zurare ta ƙofofin tun ba ta kama ba, wadda ta kama kuma tokarta za ta kashe wutar cikin ɗan lokaci.

3.3 Ire-iren Raga

Idan aka yi la'akari da yadda ake fitar da toka, ana iya kasa raga gida huɗu.

3.3.1 Kafaffiyar Raga

Ita ce wadda ba ta motsi. Misalinta na kusa shi ne kurfoti, wanda maƙera suke yi da faifan ƙarfe, su huhhuje gindin mazubin gawayi, su bar ɗaki a ƙasa mai ƙofa. Toka tana zuba da kanta, in ta maƙale sai a soka tsinke ko a bubbuga gefen kurfotin. A ƙasar Kenya, a farkon shekarun 1980, an inganta irin wannan murhu aka sa masa suna Jiko, inda aka yi mazubin da gasasshen yumɓu mai huji domin ya riƙe zafi, aka kuma sa wa ɗakin toka murfi don a daidaita iska. Kafaffiyar raga tana da arha da sauƙin yi, kuma ta wadatar ga itace da gawayi.

3.3.2 Raga Mai Girgiza

A nan kowane ƙarfe yana zaune ne a kan sanda mai juyawa, an kuma haɗa su duka da mariƙi guda a waje. Idan aka ja mariƙin gaba da baya sai ƙarafan su karkace, toka ta zube, garwashi ya zauna a sama. Inda wannan dabara ta fi shahara shi ne injinan jirgin ƙasa masu aiki da kwal da tururi. Mutanen wannan yanki ba baƙin irin waɗannan jirage ba ne, domin layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa ta Malam Madori, ya isa Nguru a shekarar 1930, kuma kwal ɗin Inugu, da aka gano a 1909, shi ne makamashin jiragen wancan zamani. Kwal yana da wata matsala da itace ba shi da ita: idan zafi ya yi yawa tokarsa takan narke ta dunƙule kamar kashin maƙera, ta manne a kan raga. Girgizawa tana farfasa wannan dunƙule tun bai yi kauri ba.

3.3.3 Raga Mai Matakala

Wannan ita ce ta dace da buntu. Ana jera faya-fayan ƙarfe ne a gangare, ɗaya ƙasa da ɗaya, kamar matakalar bene. Buntu yana zubowa daga sama yana gangarowa sannu a hankali yana ci, iska kuma tana shiga ta tsakanin matakalan daga gefe. Da yake ƙofofin a kwance suke, buntun ba ya zurarewa. Toka tana taruwa a gindin matakala ta ƙarshe, inda ake janye ta. A ƙasashen Asiya masu noman shinkafa an daɗe ana amfani da irin wannan tanderu wajen turara shinkafa da busar da ita.

3.3.4 Raga Mai Tafiya

Ana yin ta kamar sarƙar keke mai faɗi, inji yana juya ta. Kwal yana hawa ta baki ɗaya, yana ci yana tafiya, kafin ya kai ɗaya bakin ya zama toka ya zube a rami. Wani Baturen Ingila mai suna John Juckes ne ya yi rajistar wannan ƙirƙira a shekarar 1841. Sai manyan masana'antu ne ke iya amfani da ita saboda tsada. An kawo ta a nan ne don a nuna cewa matsalar toka iri ɗaya ce, daga kurfoti har zuwa tanderun masana'anta.

Ya kamata a lura cewa maƙerar gargajiya ba ta da raga, kuma ba ta buƙatarta. Zuga-zugi yana tura iska da ƙarfi ta bakin wuta daga gefe, saboda haka toka ba ta samun damar toshe hanya, kashin da ya taru kuwa maƙeri ne yake tsamo shi da awartaki.

3.4 Ƙa'idojin Ƙera Raga

Akwai abubuwa biyar da mai ƙera raga zai kiyaye.

(a) Faɗin ƙofa. In ƙofa ta yi faɗi, garwashi zai faɗa cikin toka a yi asararsa. In ta yi ƙunci, toka za ta maƙale. Ga gawayi, huji mai kaurin ɗan yatsa ya isa. Ga itace, idan aka jera rodi mai milimita 12 aka bar tazarar milimita 12 a tsakani, rabin ragar zai zama a buɗe, wanda ya wadatar da iska.

(b) Siffar ƙarfe. Ƙarfen raga mai kyau yana da faɗi a sama, ya tsuke a ƙasa. Ta haka ƙofar za ta riƙa buɗewa tana yin ƙasa, duk abin da ya shige bakinta ba zai maƙale a tsakiya ba. Haka nan in maƙeri zai huje faifai, ya kamata ya buga daga sama, don leɓen hujin ya kalli ƙasa.

(c) Miƙewar ƙarfe. Ƙarfe yana ƙara tsawo idan ya yi zafi. Rodi mai tsawon mita ɗaya yakan ƙaru da kimanin milimita 6 idan zafinsa ya hau da digiri 500. Idan aka yi masa walda a baki biyu, ko aka binne bakunansa cikin ginin laka, ba shi da wurin miƙewa, sai ya lanƙwashe ko ya tsaga ginin. Maganin wannan shi ne a ɗora ƙarafan a kan dogari kawai, a bar ɗan fili a ƙarshensu. Wannan kuma yana sa a iya canja wanda ya lalace shi kaɗai.

(d) Zurfin ɗakin toka. Iskar da ke bi ta ƙasa ita ce take sanyaya raga. Idan toka ta cika har ta taɓo ƙarafan, iska ta yanke, ƙarfe zai yi ja ya lanƙwashe. Yawancin ragogin da ke mutuwa da wuri wannan ne sanadinsu. Don haka a yi ɗakin da zurfin da zai ɗauki tokar aikin yini guda, a sa masa faranti mai zarewa.

(e) Murfin ƙofa. Raga tana sa wuta ta yi ƙarfi, in ba a kula ba sai ta ci itace fiye da na da. Dole a sa wa ɗakin toka murfi da za a iya buɗewa ko ragewa. Itace kuma yana buƙatar wata iskar ta sama, domin yawancin abin da ke ci a jikinsa tururi ne da yake fitarwa idan ya yi zafi.

3.5 Raga a Wurin Bandar Kifi

Kifi irin su tarwaɗa da karfasa ba ya jure zafin rana, in bai shiga kasuwa ɗanye ba sai a bande shi. Akan yi haka ne a murhun laka ko a durom da aka yanke, a shimfiɗa ragar kifi a sama, a hura wuta a ƙasa. Ɗan banda ba ya neman harshen wuta. Abin da yake so shi ne zafi matsakaici mai ɗorewa, tare da hayaƙi daidai gwargwado. Wuta a dandariyar ƙasa ba ta ba da haka cikin sauƙi. In toka ta danne ta sai ta yi sanyi, kifi ya fara lalacewa ta ciki. In an tone ta aka yi fifita sai toka ta tashi ta sauka a kan kifi, wutar kuma ta taso ta babbaka shi. Kifin da ya ƙone yakan karye a cikin kwali kafin ya isa kasuwa, farashinsa ya faɗi, wanda bai bushe ba kuwa ƙwari su shige shi.

Kafaffiyar raga ta rodi, tare da ɗakin toka mai murfi, tana rage waɗannan matsaloli. Ana buɗe murfin a farko don wuta ta kama, sannan a rage shi don ta ci a hankali, toka kuma tana sauka da kanta ba tare da an tone ba. Sai dai a guji yin ragar wuta da waya mai farin shafe irin ta shinge, domin shafen yana ƙonewa ya ba da hayaƙi mai cutarwa.

3.6 Amfanin Tokar da Aka Tara

Toka ba shara ba ce a wurin Bahaushe. Ana tace ta a sami ruwan toka na miya, ana yin sabulun salo da ita, marina suna zuba ta a rini, majema suna cire gashin fata da ita, manomi kuma yana kai ta gona. Tokar da ta sauka ta raga a faranti ta fi tsabta, domin ba ta gauraya da ƙasa da guntayen gawayi ba.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an nuna cewa raga hanyar fitar toka ce kuma hanyar shigar iska, sannan kowane makamashi da irin ragar da ta dace da shi. An kawo ire-irenta huɗu da ƙa'idoji biyar na ƙera ta. Tun bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar Haɗeja ta sauya, bishiyoyin da suka dogara da ita suna cikin matsi, ga kuma gatarin masu itace. Kafaffiyar raga da raga mai matakala duka ba su fi ƙarfin maƙera da masu walda na Haɗeja ba. Ta farko za ta rage itacen da banda ke ci, ta biyu kuma za ta mai da buntun da ake zubarwa makamashin turara shinkafa. A babi na gaba za a duba sunaye da kalmomin da masu waɗannan sana'o'i suke amfani da su.